Yadda sabon shiga zai zaɓi kayan babban tankin kifin ruwan gishiri a Abuja

Kifin teku irin masu kalar nan da ake sakawa a tankin gilashi a falo ana iya kiwonsu a Abuja, duk da cewa tsakaninmu da teku tafiyar yini guda ce a mota. Sai dai jerin kayan da za ka ga turawa suna lissafawa a YouTube, a wajenmu juya shi ake yi. Su suna farawa da fitila da kalar kifi, don ba sa tunanin ɗauke wuta, ba sa tunanin zafin watan Maris, ruwan famfonsu ma yana zuwa da ƙarfi. Mu kuwa wuta da ruwa da zafi su ne za su cinye mafi yawan kuɗin, kuma su ya kamata a fara warwarewa tun kafin a sayi ko kifi ɗaya. Ga yadda zan shawarci mutum ya bi abin daki-daki.

Na farko: girman tanki da inda zai zauna

Mutane da yawa suna ɗauka ƙaramin tanki ya fi sauƙi ga mai koyo. A ruwan gishiri ba haka abin yake ba. Ruwa mai yawa ba ya saurin canzawa, zafinsa a hankali yake hawa, gishirinsa ba ya tsalle don lita biyu sun ƙafe, in ka zuba abinci ya yi yawa ma yana iya shanyewa. Girman da nake ganin ya dace shi ne tsawo santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, wato lita 432 kenan. In falon da aljihun za su ɗauka, 150 da 60 da 60 ya fi, lita 540. Kar ka wuce santimita 60 a tsayi, hannunka ba zai kai ƙasa ba, gilashin kuma dole ya ƙara kauri, fitila ma sai mai ƙarfi.

Toh yanzu lissafa nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, na gishiri ya ɗan ɗara haka. Ka haɗa da gilashi da duwatsu da yashi da teburin da tankin ƙasa (ƙaramin tankin tace ruwa da ke zama cikin kabad), ka wuce kilo 600 cikin sauƙi, kusan buhun siminti 12 a wuri ɗaya kuma ba ranar ɗagawa. In a ƙasa kake babu damuwa. In a saman bene kake, musamman gidan haya, ka ajiye shi jikin bango mai ɗaukar nauyi ko kusa da ginshiƙi, kuma ka tambayi injiniyan gini, kar ka tsaya kan maganar ejan. Wurin ya zama rana ba ta dukansa ta taga, nesa da kicin, da soket a kusa. Ka tuna da zarar ruwa ya shiga ba a matsar da shi.

Gilashin ya zama milimita 12 a wannan girman, da ɗauri a sama. Masu yankan gilashi a Dei-Dei za su iya yanka maka, amma haɗa tanki sana'a ce daban da ta taga, ka nemi wanda ya taɓa yi ya nuna maka aikinsa da ruwa a ciki. Silikon ɗin da za a yi amfani da shi ya zama wanda ba a sa masa maganin hana funfuna ba, irin na banɗaki da kicin guba ne ga kifi. A huda gilashin tun kafin a haɗa, don bututun da zai sauke ruwa ƙasa, gilashin da aka gasa kuwa ba ya hudawa, tarwatsewa yake yi. In an gama a cika shi da ruwan famfo a tsakar gida ya yi kwanaki a ga ko yana yoyo.

Teburin da zai ɗauke shi, ko mai walda ya yi da ƙarfe mai kauri a shafe shi da fenti mai hana tsatsa sosai, ko kafinta a Kugbo ya yi da katako mai ƙarfi da filawud mai jure ruwa. Irin allon garin katakon nan da ake yin kabad da shi, da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje. A daidaita teburin da ma'aunin magina, a shimfiɗa soso mai tauri tsakaninsa da gilashin.

Na biyu: wuta, kuma nan ne zan daɗe

Abin da ke kashe kifi in an ɗauke wuta shi ne iskar da ke cikin ruwan ta ƙare. Ruwan gishiri dama bai riƙe iska kamar ruwan daɗi, ruwa mai ɗumi kuma ya fi ƙarancinta, ga kifi suna shaƙa ga ƙwayoyin bakteriyan da ke cikin duwatsu su ma suna shaƙa, to in ruwan ya tsaya cik cikin 'yan awanni za ka ga kifi sun hau sama suna haki. Fitila kuwa ko ta yi kwana biyu a kashe ba abin da zai faru. Saboda haka ka raba kayanka gida biyu. Waɗanda ba za su taɓa tsayawa ba, wato injin da ke mayar da ruwa sama da injinan kaɗa ruwa, su hau kan inbata. Fitila da injin sanyaya ruwa su jira NEPA ko janareta, sai dai in solarka babba ce.

Ga lissafi mai sauƙi. Injin mayar da ruwa kamar wat 40, injin kaɗa ruwa ɗaya kamar wat 20, jimla 60. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma in irin na gubar dalma ne rabi kawai ya kamata ka ja in kana so ya daɗe, 1,200 kenan. Ka raba da 60, awa 20, ka cire abin da inbatan kansa ke ci, ka ce awa 15 zuwa 17. Wannan ya isa ya tsallakar da kai dare guda da wani ɓangare na yini. Na litiyom ya fi, ana jan kusan duka, tsada ce kawai. Inbatan ya zama mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta NEPA, masu arhar nan suna sa injin ruwa ƙugi da zafi har ya ƙone. Kuma ya zama mai juyawa da kansa, don ba kullum kake gida ba. Janareta kaɗai bai isa ba, wa zai tayar da shi ƙarfe uku na dare ko ranar da kuka tafi Kano biki? Ka ƙara da ɗan injin hura iska mai batir wanda ke tashi da kansa in wuta ta ɗauke, ba shi da tsada ko kaɗan.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, 50Hz. Kayan Amurka 120 ne da 60Hz, in ka yi oda daga can ba ka duba ba ka sayi wahala. Na Ingila da Dubai da Chana da aka yi wa kasuwar Turai su ne namu. Ka zaɓi injina masu aiki da DC, suna cin wuta kaɗan kuma ana rage musu gudu. Sitabilaiza dole, musamman ga injin sanyaya ruwa. Sannan ka sa mai gyaran wuta ya saka maka birekar nan mai yanke wuta in ta zuba a ruwa, RCD ta 30mA, hannunka kullum yana cikin ruwan gishiri kuma ruwan gishiri yana ɗaukar wuta sosai. Kowace waya ta ɗan sauko ƙasa ta lanƙwaso kafin ta hau soket, don ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa kar ya bi ta ya shiga.

Kuɗin wuta ma ka sa shi a lissafi. A Afrilun 2024 an ɗaga farashin masu Band A ya haura naira 200 kowane yunit, abin da ke cin wat 300 dare da rana yunit 7 da ɗoriya ne kullum, sama da 200 a wata.

Na uku: ruwa da gishiri

Ruwan famfo da ke zuwa daga dam ɗin Usuma ana sa masa kulorin, na borehol kuma yana iya zuwa da ƙarfe da wasu sinadarai da ido ba ya gani, na mai ruwa ba ka ma san daga ina yake ba. Fiya wata ma kar ka yarda, an yi shi ne don mutum ya sha. Abin da kake bukata shi ne matatar RO/DI, mai matakai huɗu: ta cire laka, ta cire kulorin da gawayi, ta bi ta fatar RO, sannan ƙwayoyin DI su kwashe sauran. Ka sayi ɗan mitar TDS, mai auna sinadaran da suka narke cikin ruwa, tare da ita, ruwan da ya fito ya nuna 0. Mai fitar da galan 75 ko 100 a rana ta isa.

Ga inda mutane ke maƙalewa a nan garin. Matatar RO tana son ƙarfin ruwa kamar 3.5 zuwa 4 a ma'aunin "bar", tankin saman gida kuwa ko ya kai mita 10 a sama 1 kawai yake bayarwa, sai ka ga ruwa yana ɗiga kamar ba zai cika bokiti ba har gobe. Don haka ka saya da injin ƙara ƙarfi tun farko. Kuma kowace lita ɗaya mai kyau tana zubar da kamar uku ko huɗu, ka tara wannan a durom don wanki da shara da ban ruwan fulawa.

Gishiri kuwa na musamman ne, an haɗa shi da kalsiyam da magniziyam da sauran abin da ke cikin ruwan teku. Gishirin miya ko na jaka ba ya yi sam. Red Sea, Instant Ocean, Tropic Marin, duk sanannu ne, ka ɗauki wanda za ka riƙa samu a kai a kai, yawan canza iri ba shi da amfani. Ana zuba kamar giram 36 zuwa 38 a kowace lita, cika tankin farko zai ci kilo 16 ko 17. Bayan nan in kana canza kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako, bokiti mai kilo 22 wata uku zai yi maka. Yawancinsa daga Legas yake zuwa, kar ka bari sai ya ƙare kake nema. A durom ɗin roba mai tsafta ake haɗawa, ruwa da farko sannan gishiri, a bar ƙaramin inji yana juya shi ya kwana.

Ma'aunin gishiri ka sayi rifiraktomita, wanda ake ɗiga ruwa a leƙa. Na roba mai allura yana ƙarya. Abin da ake nema 1.025 zuwa 1.026, wato giram 35 a kowane kilo na ruwa, daidai da teku.

Wani abu da sabon shiga ke mantawa: ruwa ne ke ƙafewa, gishiri yana nan. In ruwa ya ragu da ruwan RO zalla ake cikawa, ba mai gishiri ba. Lokacin hunturu iska ta bushe, ga fanka ga AC, tanki irin wannan zai iya rasa lita da dama kullum. Akwai ɗan inji mai cika ruwa da kansa, ATO, yana da na'urar da ke jin ruwa ya sauka. A ganina yana cikin abin da za a saya tun ranar farko.

Na huɗu: zafi

Kifin nan suna son digiri 24 zuwa 27, ka riƙe 25 ko 26 kar ya riƙa hawa da sauka. A Abuja watan Maris da Afrilu waje yana kaiwa 37 ko fiye, ɗaki a rufe ba AC ruwan zai haura 30, ga injinan da ke cikin ruwan su ma suna ƙara masa zafi. Fanka mai hura saman ruwa tana sauke digiri ɗaya zuwa biyu, ta fi aiki lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa ba ta cika yin komai ba. AC ɗin falo ba abin dogaro bane, ana kashe shi. Maganin shi ne injin sanyaya ruwa, cila, mai ƙarfin kwata na doki ga lita 400 zuwa 500, ko ka ɗan haura haka don kar ya riƙa aiki ba hutu. Hailea da Teco su ake yawan gani. Kar ka kulle shi cikin kabad, zafin da ya ciro daga ruwa waje yake hurawa, yana son iska.

'Yan Jos ku naku daban ne, garin yana sama da mita 1,200, daren Disamba da Janairu sanyi na iya sauka kusa da digiri 10. Hita ce babbar bukatarku, kamar wat ɗaya ga kowace lita, kuma gara biyu ƙanana da ɗaya babba don in ɗaya ta maƙale a kunne ba za ta dafa kifin ba. A haɗa su da na'urar kula da zafi irin Inkbird. A Abuja ma ƙaramar hita ɗaya tana da amfani da hunturu.

Na biyar: tankin ƙasa da injina

Tankin ƙasa wani ƙaramin tanki ne cikin kabad, lita 100 zuwa 120, ruwa yana gangarowa cikinsa ta bututu, a tace shi, inji ya mayar da shi sama. Nan ake ɓoye hita da sikima (injin cire datti da kumfa) da komai. Bututun PVC zalla za a yi amfani da su, kar filamba ya saka maka ko bawul ɗaya na tagulla ko jan ƙarfe, jan ƙarfe yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani.

Dan Allah ka kula da wannan. In wuta ta ɗauke, ruwan sama yana ci gaba da gangarowa har ya sauka ƙasan bakin bututu. A tanki mai 120 da 60 kowane santimita ɗaya lita 7.2 ne, in ya sauka santimita uku lita 22 kenan sun nufi ƙasa. Dole tankin ƙasa ya kasance da sararin da zai karɓe su, in ba haka ba falo ya zama tafki. Bakin bututun da ke mayar da ruwa ya tsaya kusa da saman ruwa, ko a yi masa ɗan rami a nan don ya shaƙi iska ya daina zuƙowa. Ranar da kuka haɗa, ka kashe wutar da hannunka ka tsaya ka gani.

Injin mayarwa ya iya juya ruwan tankin sau uku zuwa biyar a awa bayan an cire wahalar hawa, to wanda aka rubuta lita 3,000 zuwa 4,000 a awa ya yi. Injinan kaɗa ruwa biyu, ɗaya kowane gefe, jimlarsu ta kai ninki 10 zuwa 20 na ruwan tankin a awa, ɗaya ya kalli sama yana motsa fuskar ruwan. Jebao masu sauƙin kuɗi ne kuma suna yi, Tunze da EcoTech na masu hali ne. Ni dai gara ka sayi Jebao uku ka ajiye ɗaya a kabad da ka sayi mai tsada ɗaya ya lalace ka jira mako uku kafin wani ya iso.

Sikima ita ce injin da ke haɗa ruwa da ƙananan kumfa, datti ya manne a kumfar ya hau kofi, ka zubar da baƙin ruwa mai wari duk bayan kwana biyu ko uku. Tana kuma ƙara iska. Ka ɗauki wadda aka rubuta ta ɗan fi girman tankinka, Bubble Magus ko Reef Octopus, ka auna kabad ɗin kafin ka biya don kofin yana son sarari a sama. Safar tace ruwa ko audugar tacewa a bakin bututu ta isa, a riƙa wankewa.

Na shida: duwatsu, yashi, fitila

Ainihin matatar tankin duwatsu ne, cikin ramukansu bakteriya ke zama. Busasshen dutsen murjani mai ramuka, kamar kilo ɗaya ga lita 10. Dutsen kwari na Mpape ba shi da ramuka, yashin rafi kuma datti ne, yashin aragonayit ake sawa, santimita biyu zuwa uku. Ka jera duwatsun a kan gilashi kafin yashi, da koguna da hanyoyi, kar ka jingina su da bango.

Fitila ita ce ta ƙarshe a kasafi. In kifi kawai za ka fara da su, kuma haka nake ba da shawara na wata shida ko shekara, kowace LED mai fari da shuɗi ta isa, awa 8 a rana da taima. Murjani shi ke son fitila mai tsada irin ta kamfanin AI ko Kessil, da awon sinadaran ruwa irin su kalsiyam, kuma masu tauri daga cikinsu suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare halittun da ake tsoron ƙarewarsu, shigo da su sai da takarda. Bar wannan tukuna.

Na bakwai: jira, sannan kifi

Ka sayi kayan gwajin amoniya da naitarayit da naitaret da pH, Salifert ko Red Sea. Bayan ka cika tanki ka kunna komai, ka zuba bakteriyan kwalba da ɗan amoniya ko guntun ɗanyen jatan lande. Amoniya za ta hau ta sauka, naitarayit ya biyo ya sauka, naitaret ya bayyana. Yawanci mako huɗu zuwa shida. Sai biyun farko, amoniya da naitarayit, masu guba ga kifi, sun nuna 0 kifi zai shiga. Ruwan zai yi kasa-kasa, duwatsu su yi launin ƙasa, yara su yi ta tambaya ina kifin, duk daidai ne.

Cikin wannan jiran ka haɗa ƙaramin tanki na lita 60 zuwa 80 da soso mai tacewa da guntayen bututu, don killace sabon kifi mako huɗu. Cutar fararen ɗigo in ta shiga babban tanki fitar da ita sai an kwashe kifi duka na sama da wata biyu, maganinta kuma jan ƙarfe ne da ba a zubawa inda duwatsu suke. Ka fara da kilawun guda biyu, masu ruwan lemo da fararen zane, waɗanda aka haifa a tanki sun fi ƙarfi. Damsel suna da arha amma masifaffu ne, shuɗin tang kuma yana son tanki mai santimita 180. Ka ƙara kifi ɗaya ko biyu duk bayan makonni. In daga Legas za a turo, jirgi ne ba mota ba, cikin kwalin kumfa, ka je filin jirgi da kanka ka karɓa kar su zauna a rana. Ka sa raga a saman tankin, wasu suna tsalle.

Sai maganar gida, wadda ba a kanti ake sayenta ba. Maganin sauro na fesawa da ota-fiya-fiya guba ne kai tsaye ga kifi da jatan lande, kuma sikima iskar ɗakin take zuƙa ta cusa cikin ruwa. Ka zauna da uwargida da masu aiki ku yi magana: ba feshi a falon. In ya zama dole, a kashe sikima, a rufe tankin da leda, a buɗe tagogi iska ta fita kafin a kunna. Turaren wuta ma a kai kaskon wani ɗakin, wanda ya shafa mai ko turare kuma ya wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla kafin ya tsoma shi.